Karan da Na Auna Teburi da Shi

Da can a gidanmu ba wanda ya taɓa tambayar inda za a ci abinci. Inda inuwa ta faɗi, nan ake shimfiɗa tabarma. Da hantsi gindin aduwa, da rana zaure, in marece ya yi a koma tsakar gida. Akushi ɗaya muke sa hannu ni da wana, in ɗan nama ya faɗo tsakiya shi ke raba shi da babban yatsa, kuma kullum nawa ya fi. Yanzu kuwa duk wanda ya je ƙetare ya dawo ya aza bulo a ƙauyukanmu na ƙasar Buza, sai ka ga ya ware ɗaki guda na cin abinci, ko da a ƙarshe buhunan albasa ne za su zauna a ciki. Ni ma na ware nawa. Ɗan ƙarami ne, tsakanin ɗakin baƙi da madafa, taga ɗaya, ƙofa ɗaya.

Shekara arba'in da ɗoriya na yi a waje. Na yi dako a Abijan, na yi direba a Aljas, na tsufa a Jidda. Tsakanin nan na yi shekara tara a Marsai, a wani gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa, ina goge tebura. Na farin dutsen nan ne mai santsi, mai jijiyoyi toka-toka, wanda Faransawa ke kira marbur. Tafin hannuna ya san sanyinsa safe da yamma, amma ban taɓa jawo kujera na zauna gabansa ba, mu ma'aikata a tsaye muke ci a bayan madafa. Daga baya a Jidda na ga attajiran da suka fi waɗancan Turawa dukiya suna zaune dirshan a ƙasa suna cin shinkafa da hannu. Na gani da idona, bai hana ni ƙudurta cewa ranar da na gina gidana sai na ci tuwo a kan irin wancan dutse ba.

Wana ya girme ni da shekara shida. Bai taɓa wuce Tawa ba. Shi ke wankan gawar maza a ƙauyenmu tun ina ƙetare, matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'yansa maza suna ci-rani. Tun da na dawo, kullum bayan azahar sai ya tako daga tsohon gidanmu zuwa sabon nawa da ke bakin gari, matata Hajiya ta ajiye mana kwano ɗaya a ƙarƙashin rumfa. Ba mu cika magana ba. Yakan tura mini gefen da miya ta fi yawa, kamar ina ɗan shekara bakwai. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan kwanon ne ya dawo da ni gida.

Abin ya faru da kaka, an gama yankan dawa. Na ji labari wani mai shago a Madawa yana kawo kayan ɗaki na hannu daga Kwatano, har da teburan dutse. Na tashi in auna ɗakin, sai na tarar magini ya tafi da metir ɗina. Na zagaya bayan gida inda aka jibge kara, na zaɓi wanda ya fi miƙewa, na sheme ganyensa. Na shiga ɗakin na bar wurin kujera a kowane gefe, na bar inda mai kawo abinci zai ratsa, na kwantar da karan a ƙasa na datse shi da wuƙa daidai tsawon da ya rage. Na kuma yi masa 'yar tsaga a jiki inda faɗin teburin zai tsaya. Hajiya tana kallona. Ita haifaffiyar zangon Abijan ce, ba ta ga komai a ciki ba, cewa kawai ta yi kar in sayo wanda zai hana ta juyawa da tire.

Na riƙo karana na bi tsakiyar gari zuwa tasha.

Matan da ke bakin famfo ne suka fara yin shiru. Ina jin hayaniyarsu tun daga nesa, ina isowa ta ɗauke ɗif, ruwa na zuba cikin bokitin da ya riga ya cika ba wadda ta janye shi. Na yi sallama, amsar ta fito ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta ja mayafinta ta rufe baki. Na ɗauka ko rigata ce ta ɗauko wani abu. Na wuce. Wani mai amalanke ya tsayar da jakinsa ya sauko ya tsaya a gefen hanya har na gifta. Da na iso gindin itacen bedin masallaci, dattawan da ke zaune suka miƙe gaba ɗaya, kamar an ja su da igiya.

Liman ne ya tare ni. Abokin wasana ne tun muna kiwon awaki, amma ranar babu wasa a fuskarsa.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe, Alhaji? Jiya hwa munka yi sallar la'asar da shi.”

“Da wa?”

Bai dube ni ba, karan yake dubawa. Sai a lokacin na dube shi ni ma, kuma abin da na sani tun ina yaro, na binne shi ƙarƙashin harsuna huɗu na mutanen wasu ƙasashe, ya taso mini gaba ɗaya. A wurinmu ba a auna mamaci da metir. Mai wanka yakan yanko karan dawa ya kwantar da shi gefen gawa ya datse, ya yi tsaga a faɗin kafaɗa, a miƙa wa wani ɗan gidan ya ratsa gari da shi zuwa maƙabarta, masu haƙa su yi aiki da shi. Ba a shela kafin kara. Duk wanda ya ga namiji ya fito daga gida da shemammen kara a hannu ya san abin da ya faru a gidan. Ga shi ni na fito da nawa, har da tsagar kafaɗa, kuma kowa ya san wana ya kwana biyu yana tari.

Na yi dariya, wadda ni kaina ban ji daɗinta ba. Na ce awon teburi ne. Liman ya ce, “Awon mi?” Na maimaita. Wani dattijo ya ce, “Nasara ya dawo muna da sabon abu.” Aka ɗan yi dariya, aka zauna. Liman ya miƙo hannu ya ce in ba shi karan ya karya. Motar Madawa tana ta oda a tasha, na ce in na karya da me zan auna? Na wuce da abuna.

A shagon na tarar da tebura uku. Akwai wani ƙato mai ƙafa shida, wanda ko ta ƙofata ba zai shiga ba. Akwai mai da'ira, ƙafa ɗaya a tsakiya, irin waɗanda na shekara tara ina gogewa. Mai shagon, wani mai fara'a da ya zauna Lome, ya dafa shi ya ce, “Baba, in ɗakinka ƙarami ne wanga za ka ɗauka. Ba shi da kusurwar da za ta bugi ƙugun Hajiya, kuma mutum huɗu na zagaye shi kamar akushi.” Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce, don a Marsai duk ɗan ƙaramin wuri mai da'ira ake sa masa.

Na ukun yana can baya, an jingine shi da bango, ƙafafunsa na ƙarfe a gefe. Dogo ne, siriri, fari tas, jijiya ɗaya ce tak ta ratsa shi daga kai zuwa ƙasa. Na ce a kwantar da shi. Na ɗora karana a kai. Bakin kara da bakin dutse suka haɗu a nan, suka haɗu a can, ko faɗin farce babu bambanci. Na juya karan na gwada faɗi, tsagar ta faɗa daidai gefe. Mai shagon ya daina fara'a na ɗan lokaci, yana kallon karan, shi ma ɗan ƙasar nan ne. Ya ce, “Baba, da wanga kaka awo?” Na ce metir ya ɓace. Ya ce, “To.” Bai sake tallata mini mai da'irar ba. Ni kuwa na ɗauki dacewar nan a matsayin sa'a. Muka daidaita, aka naɗe dutsen da tsofaffin barguna, aka ɗora shi a motar albasa da za ta koma wajenmu babu kaya. Wani daga cikin masu ɗaurin ya cusa karan cikin igiya, ban kula ba.

La'asar sakaliya muka iso. Mutum huɗu suka sauke shi, biyu gaba biyu baya, suka ratsa ƙofar gidana da dogon abu naɗe cikin bargo. Sai da na gan su daga baya na lura sun yi kama da masu ɗauke da gawa.

Wana yana zaune a ƙarƙashin rumfa, gabansa ƙwaryar fura har uku da ba daga madafarmu suka fito ba.

“Sannu da hanya, Bature,” ya ce. “Yau na sha gaisuwa. Tun hantsi mutane ke zuwa ta'aziyyata, ni ke amsawa. Har daga Tama anka bugo waya. Wata ta zo tana kuka, ta gan ni ina alwala, ta watsar da hura ta sheƙa. Ga sauran, zo mu sha, ta sadakata ce.”

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya ji abin da mutane za su ce bayansa, kuma bai yi muni ba. Sa'an nan ya gaya mini sauran. Kafin maganar teburi ta kai unguwar gabas, maganar kara ta riga ta kai. Majiya ƙarfi uku sun ɗauki dagi da diga sun tafi maƙabarta, sun fara fasa ƙasa kusa da kabarin mahaifinmu, suna jiran awo ya iso. Ƙasarmu ta Adar dutse ce, ba a jira rana ta yi zafi. Sun kai gwiwa kafin a tsayar da su.

“Liman ya ce a kai karan a kwantar a ramin a rufe,” in ji shi. “Rami ba ya zama da baki buɗe. Ina karan?”

Na ce na baro shi Madawa. Daidai nan Hajiya ta fito daga ɗakin da shi a hannu, ta ce ga sandarka an ɗauro da teburi. Karan awo ba ya komowa gida. Inda ya tafi can yake zama, a bisa kabari. Wana ya karɓe shi daga hannunta a hankali. Ya miƙe tsaye, ya kafa gindin karan kusa da diddigensa, ya manna shi da jikinsa. Ya wuce tsakar kansa kaɗan. Ya ɗora yatsu a kan abin da ya wuce: huɗu.

“Yatsa huɗu nika ƙara ma kowa,” ya ce, “don kar a matse mutum. Wa ya yanke maka shi?”

“Ni, Yaya.”

“Hannunka ya iya.”

Bai ba liman karan ba. Ya tafi da shi tsohon gida ya soke shi a rufin ɗakinsa. Ramin kuma ya ce a rufa masa ƙaya saboda awaki, kar a wahalar da mutane sau biyu.

Washegari Hajiya ta jera kwanoni a kan dutsen, na sa kujeru biyu. Wana ya zo bayan azahar kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shigo ba. Na ce bismilla. Ya daɗe yana kallon tuwon a kan farin dutse.

“Ka tuna dutsen kakanmu na bayan tudu?”

Na tuna. Gidanmu asalinsa na masu tsafin gargajiya ne, mahaifinmu ne farkon mai salla. Muna yara mun sha ganin kakanmu ya ɗauki 'yar ƙwarya ya hau tudu, ya juye abin da ke ciki a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ya juyo bai waiwaya ba.

“Mu a gidanmu,” in ji wana, “abin da anka aza bisa dutse an ba da shi. Ba namu ba ne kuma.”

Na ce, “Haba Yaya, kai da ke sahun gaba? Wannan dutsen daga ƙasar Italiya ya fito, bai san kakanmu ba.”

“Ni ma ban ce ya san shi ba. Ci abincinka.”

Ya juya ya tafi. Na zauna na ci ni kaɗai, don in nuna masa. Tuwon ya huce tun ban kai rabi ba. Na san dalili, dutse yana shan zafi, a Marsai ma sai an ɗora faranti a kan ƙyalle. Amma sanin dalili bai sa loma ta wuce da sauƙi ba. Ɗakin ya yi tsit irin wanda ban san shi da shi ba, kujerar da ke fuskantata babu kowa, kuma duk lokacin da na ɗaga kai sai idona ya auna tsawon dutsen daga wannan baki zuwa wancan. Hajiya ta ce ita ba ta son goge shi da safe, in ta taɓa sai ta ji kamar ta taɓa goshin wanda zazzaɓi ya saki. Ta koma ci a madafa.

Wata biyu na yi a haka. Ina aika masa da kwanonsa, yana dawowa a wanke. Muna haɗuwa a masallaci mu gaisa lafiya lau. Na ce a raina shi zai gaji. Na shekara arba'in ina cin abinci ni kaɗai a garuruwan mutane ina ƙirga ranar komowa, ga shi na komo, tsakanina da wana tafiyar minti biyar, ina ci ni kaɗai saboda dutse. In na bi ta hanyar gona ina hango tarin ƙayar nan kusa da kabarin mahaifinmu, iska ta ɗan zame ta, wani ya gyara.

Ranar da nake sahun baya na ji tarinsa har ya kasa ƙarasa tahiya, na koma gida na ɗauki kwanon da hannuna na kai tsohon gida. Na same shi a zaure. Na ajiye a kan tabarma na zauna. Ya wanke hannu, ya juyo mini gefen miya.

Da muka gama ya ce, “Tashi mu tahi in ga dutsen nan naka da kyau.”

Rana tsaka muka shiga, Hajiya ta tafi gidan suna. Ya zagaya shi yana shafawa da tafin hannu. Ya ce in kawo buta. Ya zuba ruwa a kai, ya sunkuya yana kallon yadda yake gangarewa bai bar komai ba. Ya ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfen. Sa'an nan ya tuɓe takalmi, ya dafa kafaɗata, ya hau ya miƙe a kai, ya haɗa ƙafafu, ya rufe ido.

“Yaya, don Allah sauko.”

“Diba min can ƙasa. Nawa ya rage?”

Ban so dubawa ba, na duba. Na ce yatsa huɗu.

Ya buɗe ido yana kallon rufi. “Shekara talatin ina wanke mutane bisa tsohon ƙyaure, a durƙushe, ruwa na komowa cikin laka, gwiwata ta mutu. Katako shina sha, shina riƙe wari. Wanga ba ya shan komai. Ka sayo abin kirki, ƙanena, ba ka dai san ko na mine ne ba.”

Daga ranar ya fara koya mini. Ban roƙa ba, bai kuma tambaye ni ko ina so ba. Bayan mun ci tuwo a zaurensa sai mu tako nan, ya nuna mini da dogon matashi: inda ake farawa, yadda ake juya mutum ba a kunyata shi ba, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, abin da ake gani a yi shiru da shi har abada. In na yi kuskure sai ya ce, “Ashe Faransanci bai da amfani nan.” Wata uku da 'yan kwanaki muka samu, muna ci a kwano ɗaya. Ina ƙirga su, ina kuma ƙirga biyun da na zubar.

Ya rasu da bazara, ana jiran ruwan farko, da hantsi. Mutum huɗu suka ɗauko shi daga tsohon gida zuwa ɗakin, muka fitar da kujerun. Ni na wanke shi, liman yana zuba mini ruwa. Da aka zo maganar awo ban yanki sabon kara ba, na zaro wancan daga rufin ɗakinsa. Na ratsa gari da shi ta hanyar da na bi da kaka, matan famfo suka yi shiru, dattawan gindin bedi suka miƙe, wannan karon ba wanda ya tambaye ni komai. Masu haƙa suka janye ƙaya suka kwantar da karan a bakin ramin da suka fara. Zurfi kawai suka ƙara.

Bayan sadakar bakwai wani maƙwabci ya rasu, 'ya'yansa suka zo suka tsaya a ƙofar gidana suna murza hula. Ban bari sun faɗa ba, na ce su kawo shi. Daga baya na kira magini ya toshe ƙofar da ke kallon madafa, ya fasa wata ta waje mai faɗi, wadda mutum huɗu za su shiga da kaya ba su karkata ba, ya yi wa ruwa hanya zuwa bayan gida.

Ba a ƙara cin abinci a ɗakin nan ba. Can ake wanke mazan ƙauyenmu yanzu, ni ke wanke su, ni ke yanka musu kara. Tuwona kuwa a tabarma nake ci, ƙarƙashin rumfa, ni kaɗai.